Ranar da Baba ya zauna a ajina

Bayan na gama digiri a fannin lissafi, shekara biyu na yi a rumfar Inna a kasuwar Adawlato ina yankan atamfa, takardar digirin tana ƙasan akwati. Da aka buɗe jarrabawar ɗaukar malaman sakandare na rubuta, Allah ya ba ni sa'a. Aka yi mana horo, aka tura ni wata makaranta a unguwar Agbalépédo, inda da Faransanci ake koyarwa. Kullum bayan asuba sai in hau zemijan, wato acaɓa, daga unguwarmu Zongo, littattafai a cinyata.

Gwajin farko da na yi wa ɗalibaina, yawancinsu suka faɗi. Na dawo gida na zauna a tsakar gida ina kuka, ina cewa rumfa zan koma.

Baba malamin allo ne. Tun kafin a haife ni yake karantarwa a zaurenmu, Faransancinsa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Ki nemi izinin shugabanku. Zan zo in gani."

Ranar Laraba ya zo da farar rigarsa, ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa na tokarar tebur. Yara suna ta waiwaye. Na yi darasin har ƙarshe.

Da muka fito muka tsaya ƙarƙashin mangwaro, na ce, "Baba, yaya ka gani?"

Ya ce, "Ko kalma ɗaya ban ji ba. Amma allo kike kallo, yaran suna kallon bayanki. Kuma akwai wata yarinya kusa da taga, sau uku tana buɗe baki tana fasawa."

"Ai ina tambayarsu ko sun gane."

"Suna amsawa ne don ki ƙyale su. Ni yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya mini da bakinsa."

Washegari na miƙa wa yarinyar alli. Ta fito gaban allo, ta tambaya a hankali ko za ta iya fara bayani da Mina, yarensu. Na ce ta yi. Ashe ta gane aikin sarai, tsoron yin kuskuren Faransanci a gaban aji ne ya ɗaure mata baki.

Daga nan kowa sai ya fito ya biya. Sakamakon bai gyaru nan take ba, sai wajen zango na uku. Baba bai sake zuwa makarantar ba, amma har yarinyar ta gama, in na dawo yakan tambaye ni ko ta yi magana yau.