Tozon da Na Gani Na Yi Shiru

Akwai abin da na aikata a Potiskum wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ban zagi kowa ba, ban taɓa kayan kowa ba. Shiru kawai na yi.

A shekarun casa'in sana'ata ita ce tura buzun salla da jar fata zuwa Jidda ta jirgin sama, gabanin aikin Hajji. Mu haɗa kaya a gida, babbar mota ta kai Kano, daga can a sa a jirgi. Tafiyata ta farko na ji jiki. Ma'aikatan filin jirgi suna son kaya su zo a jere kan wani faffaɗan katako mai ƙafafu, samansu a shafe kamar tabarma, domin a ɗora wasu kayan a kai. In saman ya yi tudu, ko kaya suka leƙo ta gefen katakon, sai su ce ba ya ɗoruwa, su caje ka har kuɗin sararin da ke bisansa. Ranar da aka caje ni, na zauna a inuwa na rubuta ƙa'idojin nan da ajami a ɗan littafin aljihuna. Ban sake faɗawa wannan tarkon ba.

Ina da maƙwabci a unguwar Yerimaram, Bafulatani ne da ya bar daji ya zauna a gari. Sahunmu ɗaya a masallaci, kuma ni na fara kai shi wurin majema. In faɗi gaskiya ya fi ni sanin fata. Da yatsa biyu yake gane buzun da zai yi wari in ya sha zafi. Ba a daɗe ba attajirin da na shekara biyar ina tura wa kaya ya ga samfurinsa, ya aiko masa da odar da ta ninka tawa. Na je na yi masa murna, baki yana Allah ya sanya alheri, ciki yana tafasa. Ko a salla sai in tsinci kaina ina tunanin buzayensa.

Ya sayar da shanunsa ya sayi fata ya tanadi kuɗin jirgi. Saniya ɗaya ya bari, wata fara da ya gada daga mahaifiyarsa, wadda iyalinsa ke shan nononta.

Ranar haɗa kayan nasa na leƙa da hantsi. Ya ɗauko 'yan lodin tasha, su kuwa lodin da suka sani na babbar mota ne: ƙasa da faɗi, sama da tsini, don ruwan sama ya zame ta kan tampol. Haka suka yi wa katakon nan, suka ɗinke da buhu suka ɗaure shi da igiya. Ɗayansu ya ja da baya yana dariya, ya ce ko bijimin kasuwar Laraba bai kai wannan tozo ba. Maƙwabcina ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne babba a harkar nan. Akwai gyara?"

Hannuna yana kan aljihu, ina jin littafin. Na dubi tozon, na dubi fuskarsa.

"Ya yi kyau," na ce. "Allah ya kai lafiya."

A hanyar gida na yi ta gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai lodin ya yi kyau ɗin. Shaiɗan ya iya fatawa.

Kwana uku bayan haka na ga wani dillali ya fito daga gidansa yana jan farar saniyar. Tana tirjewa, matar gidan tana tsaye a bakin zaure da ƙwarya a hannu. Wallahi abin da na fara ji a zuciyata sanyi ne, kafin kunya ta biyo baya.

Bayan la'asar sai ga maƙwabcin nawa ya yi sallama, ƙafarsa a kumbure don zaman mota. Ya ba ni labari yana yi wa kansa dariya. Ma'aikacin ya ɗora awo a kan tozon ya ce ba ya ɗoruwa. Jirgi zai tashi da yammar, babu lokacin kwance ɗinki a sake jeri, na bayansa kuma sai alhazai sun fara dawowa. Ya sami wani dillalin shanu ɗan garinmu a Kano, ya sayar masa da saniyar da baki, ya biya kuɗin da aka caje shi, kaya suka tafi.

Na ce Allah ya mayar da alheri. Ya ce amin, ya gyara zama.

"Ko gida ban huta ba na taho, Malam. Na ji kana shirin haɗa naka. Ka ce musu su shafe saman, kada abin da ya same ni ya same ka."

Na rasa inda zan sa idona. Na yi masa godiya kamar yau na fara ji.

Ya rasu bayan wasu shekaru ban taɓa gaya masa ba. Ina yi masa addu'a, ina kuma tsoron ranar da za a tsayar da mu tare. Abin da na koya shi ne, mai hassada ba sai ya ɗaga hannu yake cuta ba. In ɗan'uwanka ya tambaye ka abin da ka sani, ka faɗa masa tun yana da ran da za ka nemi gafararsa.