Shantun Batirin Inna

Inna tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. Mu kuwa a Illela zafi ne abin da muka fi kowa. Shi ya sa Yaya, babban wanmu da ke aiki a Sakkwato, ya sa aka jera mana farantan sola a kan rufi, aka ajiye batir a ƙuryar ɗakin tsakiya, aka jona ɗan ƙaramin firji. Ni kaɗai na rage tare da ita a gidan.

Fitilun da ke jikin akwatin wutar maƙaryata ne. Sai su nuna kore, wai batir a cike yake, gari na wayewa mu tarar firji ya daɗe da yin shiru. A wata bazara abin ya yi ta faruwa har allurar ta lalace ba mu sani ba, Inna ta kwanta asibiti a Sakkwato. Ranar da aka sallame ta Yaya ya yanke magana: in aka sake, ta koma gidansa ke nan. Amma na san Inna. A ɗakinta ta haife mu duka, kuma ta san inda inuwar darbejiya ke kaiwa a bangonsa kowace la'asar. Raba ta da shi wani ciwon ne daban.

Na kira wani mai gyaran sola daga Ƙonni, dattijo mai sanyin magana, wanda rabin kayan aikinsa da Faransanci yake kiransu. Inna na zaune kusa da ni ya ce a waya fitilun nan hasashe kawai suke yi, sai an sa wa batirin shant kafin a san gaskiyar abin da ke cikinsa. Ban kula da yadda ta ɗaga kai ba.

Ranar da ya zo, bayan gaisuwa, Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Ta warware a gabansa. Shantu ne, doguwar ƙwaryar nan da mata ke bugawa a cinya lokacin biki, da zanen wuta a jikinsa. Ashe saƙo ta aika wa ƙawarta ta ƙuruciya a Kalmalo, aka kawo mata ta hannun mai kifi.

“Ga shi nan, malam,” in ji ta. “Na ji kac ce sai da shantu. Ban san mi za ka yi da shi ba, amma wanga mai kyau na.”

Ni dai dariya ta kusa kayar da ni. Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya yaba, sannan ya ciro nasa daga aljihu. Ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, jan ƙarfe a kowane gefe, a tsakiya wasu siraran falle masu ruwan toka. Ya ce duk wutar da za ta shiga batir ko ta fita, dole ta bi ta cikinsa. Yana ɗan tare ta kaɗan ƙwarai, daga wannan ɗan tarewar ne wasu ƙananan wayoyi biyu ke gane yawan abin da ya wuce, su kai labari ga mita. Ƙarfen tsakiyar, in ji shi, zafi ba ya canza masa hali, shi ya sa ba ya ƙarya ko a bazara. Irinsa ne ma a cikin motocin nan masu caji.

Inna ta leƙa cikin nata, ta dubi nasa, ta tambaya ko shi ma yana magana. Ya ce yana yi. Daga ranar ba wanda ya sake kiran ƙarfen da wani suna sai shantu, har mai gyaran. Matar da ko rediyo sai an kunna mata, ta sa aka kafa mitar a daidai inda take zama.

Na fi tuna safiyoyin Asabar. Mukan zauna a tabarma, koko na hucewa, muna kallon lambar tana hawa a hankali yayin da rana ke hawa. In gajimare ya gifta, lambar ta sauka, mu ɗaga kai mu neme shi. Wani lokaci nakan lumshe ido in ga ranar nan da ke haska gonakin albasa da ruwan Kalmalo da bayan shanun da ke tsallaka iyaka, ita ce dai ke tattaruwa tana bi ta wannan ɗan ƙarfe, ta kwanta cikin duhun batir, ta zama sanyi a jikin kwalbar allurar Inna. Inna takan ɗora shantun a cinya ta buga a hankali, dum, dum, ba waƙa. Sai ta soma ba ni labarin matan da suka yi wasa tare, yawancinsu sun rasu, in rasa ko da ni take magana ko da su.

Amma gaskiyar da shantun ya faɗa ba mai daɗi ba ce. Batirin ya tsufa, ba ya riƙe abin da yake riƙewa da. In fanka ta yi aiki daga la'asar, firji ba zai kai safe ba. Na ce mu gaya wa Yaya ya sayo sabo. Inna ta ce ba ta son ya ji an ambaci kalmar matsala a gidan nan, don ba batir zai kawo ba, mota zai kawo. Da kanta ta miƙa hannu ta kashe fankar. Na yi faɗa, na yi magiya, har na ce mata taurin kai ne. Ta ce ta ji.

Bazara ta dawo da ƙarfinta. Wata Juma'a Yaya ya iso ba sanarwa, wani ya kai masa labarin cewa tsohuwa na zama cikin zafi. Ya same ta kwance a ɗaki da la'asar, iska a tsaye cak, kallabinta ya jiƙe, tana fifita da mafici. Ya dubi fankar, ya dube ni. Ya ce wannan wahala ce, kuma ni da nake gani na yi shiru na fi kowa laifi. Ya ce in haɗa mata kaya. Ni ma kuwa kullum tausayinta nake ji.

Inna ta ce ya buɗe firji ya ɗauko kwalbar. Ya ɗauko. Ta ce ya ɗora a kumatunsa. Babban mutum da furfura a gemu, ya tsaya a tsakar ɗaki da 'yar kwalba a kunci.

“Da sanyi?”

“Da sanyi, Inna.”

“To, abin da kac ce ke nan. Zuhwar tau ta, ɗakin ga ko nau na.”

Ya mayar da kwalbar, ya rufe firji a hankali. Ya daɗe tsugune gaban mitar yana kallon lambar da ke sauka kaɗan kaɗan, ya tambaye ni ma'anarta, na gaya masa har da maganar tsufan batirin. Sai ya miƙe ya fita. Na bi shi da ido ta ƙofar zaure. Ya buɗe ƙofar baya ta motarsa, sai na ga ashe ya shimfiɗa bargo a kujerar, ya sa sabon matashin kai don doguwar hanya. Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya ɗauko matashin ya dawo da shi, ya ɗaga kan Inna ya sa mata a kan gadonta.