Mun Je Kaduna Ciro Muryar Umma Daga Rediyon Mota

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ranar Talatar makon jiya, ni da mahaifina. Ni ne a sitiyari, shi yana gefena da carbi a hannu. Waɗanda kuka ga hoton motar a kan gadar Kawo kuka yi ta rubuta min cewa ana shan iska, to ga abin da ya kai mu, kuma ba shan iska ba ne.

Motar ta Baba ce. Baƙa ce ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, irin wadda ake danna maɓalli rufinta ya naɗe ya shige but. Tokumbo ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ya saye ta bayan ya yi ritaya, kuma ita ce abu ɗaya tak da na san ya taɓa yi wa kansa don jin daɗi. Rediyonta na haɗiye faifai shida a lokaci guda. A cikin shidan nan akwai wanda aka naɗi muryar mahaifiyarmu, Umma, ranar walimar auren autarmu, tana yi wa amarya nasiha na minti goma sha ɗaya. Umma ta rasu shekara biyu ke nan. Mai ɗaukar biki ya daɗe da rufe shagonsa, mu kuma ba wanda ya taɓa tunanin kwafe faifan. Kullum bayan la'asar Baba kan shiga gareji, ya zauna a motar shi kaɗai ya saurara.

Ni na ari motar don bikin wani abokina. Na ajiye ta a ƙofar wurin taro da rufi a buɗe, ba don komai ba sai don a gani. Ina ciki aka kece da ruwa, kiɗa ya hana ni ji. Kafin in fito, kujeru sun zama kududdufi. Motar ta tashi, rufin ma ya rufe, amma rediyo ya mutu murus, ko fitila ba ya kawowa, faifan Umma kuma yana ciki. Masu gyara uku na kai wa a Kano. Na farko ya ce a ɓalle shi da sukudireba. Na biyu ya ce a ba shi wuta kai tsaye daga batir ko zai tofo faifan. Na uku ya faɗi gaskiya, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu tafi Kurmin Mashi a Kaduna mu nemi wani mutum mai suna Ishaya. Kwana tara da faruwar abin, Baba bai ce min uffan a kai ba. Da na ce zan kai motar Kaduna, sai kawai ya ce, "Tare za mu."

Hanya dai ga ta nan. Inda aka gama aiki sumul take kamar tabarma, inda ba a gama ba sai a mayar da kowa hannu ɗaya, kai da tirela kuna kallon juna. Motar nan ƙasa-ƙasa take, cikinta kusan yana shafar kwalta, don haka duk wani tudun rage gudu sai na bi shi a karkace kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga Kura har Kwanar Dangora gonaki sun yi kore shar, shinkafa da masara iya ganinka. Da da rediyo, da tafiyar ta yi daɗi. Amma babu. Daga ƙarar taya sai ƙas-ƙas ɗin carbin Baba. Ban taɓa sanin Kano zuwa Zariya na da nisa haka ba.

A Kwangila muka tsaya karin kumallo. Mai ƙosai ta kalli motar, ta kalle ni, ta ce guda ɗaya naira ɗari. Na ce ai na ji ta sayar wa wani mai babur ƙosai uku a ɗari biyu, ta ce shi ai da babur ya zo. Baba ya ɗan murmusa, karo na farko tun da muka fito. Bayan Jaji wani ɗan sanda ya tsayar da mu. Na fara lalubo takardu, sai ya sunkuyo ya gaida Baba ya ce shi ba takarda yake so ba, a ɗan buɗe masa rufin ya gani. Na kalli sama, hadari ya haɗo ta gabas. Na ce masa ranka ya daɗe, ka ɗaure ni kawai, amma rufin nan ba zai buɗu ba yau.

Mun wuce Mararrabar Jos da jerin tankokinta, muka wuce Rigachikun, muka shiga Kawo wajen ƙarfe goma. Daga nan muka bi ta Mando muka hau baifas. Kurmin Mashi wuri ne da in ba ka san inda za ka ba, za ka wuni kana zagaye: garejin makanikai a jere, masu walda, masu fenti, masu sayar da kayan gyara, kowa da janaretonsa. Sau uku muka tambaya, kuma duk wanda muka ce wa Ishaya mai rediyo sai ya nuna gaba ba tare da ya ɗago kai ba.

Shagon ƙarami ne, amma a share tsaf. Ishaya dattijo ne, zai haura hamsin da biyar, mutumin kudancin Kaduna, da tabarau rataye a wuya da kalandar coci a bango. Ya ce ya daɗe yana aiki a sashen injiniyoyi na wani gidan rediyo kafin ya buɗe nasa wurin. Ya ba Baba kujera, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Tun da ruwan ya shiga, akwai wanda ya ba shi wuta kai tsaye?" Na ce a'a. Ya ce, "To kun yi sa'a. Da an ba shi, in injin ya motsa faifan yana rabin hanya, shi ke nan."

Ya fara cire kan batir. Sannan ya zare fuskar rediyon, ya ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ya nuna mana amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Da ya karkata shi, ruwa ne ya zubo, bayan kwana tara. Lasifikokin ƙofa kuwa takardarsu ta jiƙe ta yage. Duk wannan bai dame mu ba. Idonmu na kan akwatin faifan, wanda ya ɗora a tebur a kan farin tawul. Ya yi ta kwance ƙananan noti ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin gwangwani, ba ya sauri, ba ya magana. Faifai na farko ya fito, karatun Alƙur'ani. Na biyu tafsiri. Na uku, na huɗu, na biyar. Na shida ya maƙale a rabin hanya, wani siririn ƙarfe ya danne shi. Ishaya ya kusan minti arba'in a kan wannan ƙarfen. Baba ya tashi daga kujerarsa ya tsaya a kansa, hannu biyu a baya.

Da ya zaro shi, ga rubutun Umma da kanta a jiki, da jan alƙalamin maka: "Walima". Amma ƙasansa ya yi tabo-tabo, ga wani ƙarce a gefe. Ishaya ya wanke shi a hankali, ya goge, ya sa a kwamfutarsa. Ta yi ƙugi, ta yi shiru. Ya sake sawa. Haka dai. Ni dai na koma na zauna a bakin ƙofa. Ya ce kada mu yanke ƙauna, na'urar karanta faifan tasa ta tsufa, ko lafiyayyen faifai wani lokaci takan ƙi. Ya rubuta min irin wadda zan nemo a Babbar Kasuwa da safe. Ya nuna mana masallaci a bayan shagon don azahar ta yi, da muka dawo kuma muka tarar matarsa, wadda ke sayar da abinci a rumfar gefe, ta aiko mana da faten acca mai yakuwa da gyaɗa. Baba ya cinye nasa tas. Ni cokali uku na iya kaiwa.

A Abakpa muka sauka, gidan gwaggona, ƙanwar Baba. Bayan la'asar Baba ya ce in raka shi ya taka ƙafa. A unguwar nan ya fara zama da Umma lokacin yana ƙaramin ma'aikaci. Muka bi lunguna har gaban wani tsohon gida mai jan kwano, wanda yanzu aka fasa gabansa aka yi shagon cajin waya. Ya nuna min taga ya ce nan ne ɗakinsu, ciki da falo. Muka daɗe a tsaye. A nan na samu bakin magana, na ce, "Baba, ka yafe min. Son a gani ne ya ja min." Ya ce, "Kana tsammanin fushi nake da kai?" Na ce eh. Ya girgiza kai. "Tsoro nake ji. Kwana taran nan ina ƙoƙarin tuno yadda take dariya, sai in ji ya fara kuɓuce min. In na buɗe baki a kan maganar, ban san me zai fito ba." Muka juyo gida, yana riƙe da kafaɗata saboda ramuka.

Da safe na hau Keke Napep zuwa Babbar Kasuwa. Wanda bai saba ba zai sha wuya: layin atamfa ya kai ka layin takalma, na takalma ya kai ka na robobi. Mutanen Kaduna dai akwai su da kwatance, kuma Hausar kasuwar nan gauraye take, ka ji Zazzaganci, ka ji Kananci, ka ji ta wanda a nan ya koye ta. Shago na biyar na samu na'urar, sabuwa a kwali. Mai shagon ya ce shekara guda ke nan ba wanda ya tambaye ta, har ya so sanin me zan yi da faifai a wannan zamani. Na biya shi na fito.

Ishaya ya haɗa ta da kwamfuta, ya sa faifan. Ta yi ƙugi. Ta yi shiru. Sai wani koren layi ya fito a allo ya fara tafiya. Ya yi rabi ya tsaya, daidai wurin ƙarcen. Sai ya ci gaba, har ƙarshe. Ishaya ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ya shiga." Baba ya ce alhamdu lillahi sau uku, ni kuma na fita waje na sunkuya a jikin motar wani, don ban so a ga fuskata. Kafin a taɓa komai, Ishaya ya kwafe muryar a filashi biyu, a wayata, da wayar Baba.

Sauran aikin ya ci wuni. Ya sa sabon rediyo mai haɗuwa da waya, ya sa lasifikoki irin waɗanda ruwa ba ya yi wa illa, sabon amfilifaya kuma ya ɗauke shi daga ƙasan kujera ya ɗaure shi a sama cikin but. Ya ce mota mai buɗaɗɗen rufi tana bukatar sauti mai ƙarfi da tsabta, saboda iska na cinye rabi. Wajen ƙarfe uku ya ce Baba ya shiga a gwada.

Muryar Umma ta cika motar kamar tana kujerar baya. Nasiharta duk mun haddace ta, har inda take tuntuɓen harshe ta fashe da dariya. Da ta gama, a tsohon rediyo sai a ji hayaniyar mata da ƙarar kwanuka na ɗan lokaci, faifan ya ƙare. Wannan karon, a cikin hayaniyar, sai muka ji ta rage murya tana yi wa wata magana, sarai: "A ɗebar wa Alhaji nasa a rufe. Tun safe bai ci komai ba, kuma ba zai faɗa ba." Baba ya ɗago ya kalle ni. Shekara biyu yana jin faifan nan kullum bai taɓa jin wannan ba. Ya ce a mayar. Na mayar. Ya ce a sake. Ishaya ya zame ya koma cikin shago ya bar mu.

Washegari da hantsi muka kamo hanyar gida, bayan gwaggo ta cika mana but da citta da doya. Gari ya yi garau, ba ɗigon hadari. Muna hawa gadar Kawo Baba ya ce in buɗe rufin, a nan ne aka ɗauki hoton da kuka gani. Daga Kaduna har Kano bakinsa bai huta ba. Ya ba ni labarin albashinsa na farko, da ranar da aka haife ni, da yadda Umma ta koyi tuƙi a filin ƙwallo ta kusa ture raga. Mun shiga gida ana kiran azahar.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Duk abin da kake da guda ɗaya tak na wanda ya riga mu gidan gaskiya, murya ce ko hoto ko wasiƙa, ka kwafe shi yau, kada ka jira. In abu ya fi ƙarfin mai gyara, ka gode wa wanda ya faɗa maka gaskiya ya tura ka gaba. Kuma shirun dattijo ba kullum ne fushi ba, wani lokaci jira yake a tambaye shi. Ranar da muka dawo na tura wa 'yan'uwana su shida muryar. Yayarmu ta kira ni tana kuka, ta ce ita ce aka ce ta ɗebi abincin, kuma ta tuna a hidimar biki ta manta ba ta kai ba. Na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce in gaya mata har yanzu yana jira.