Ranar da Inna ta saki ɗan dutsenta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Yelwa, ni da Inna da ƙanwata, muka nufi Wara. Tun da aka ba mu jiharmu ta Kebbi aikina ya koma Birnin Kebbi. Na kama gida kusa da asibiti saboda ciwon ƙafar Inna, amma ta ce ba inda za ta, ba za ta ƙara nisa da gidanta ba. Gidan kuwa yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun ina ƙarami, lokacin da aka tare ruwa aka tashi mutanen tsibirinmu. Da na matsa mata, sai ta ce in fara kai ta ta ga wurin.

A cinyarta akwai ƙunshi, ɗan dutsen niƙa ne naɗe cikin tsohon zane. Ranar tashi uwar dutsen ta yi wa jirgi nauyi aka bar ta, Inna ta tsira da ɗan. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadonta, ba ta niƙa da shi, ba ta bari kowa ya taɓa.

Akori-kura muka samu, an cika ta da shinkafar Shanga da albasa, mu kuma aka dasa mu a kai. Kuɗin mota ya tashi, direba ya ce laifin sabuwar jiha ne, kamar ita ke shan man. Bayan Birnin Yauri hanya ta koma ramuka, har ƙosan da muka saya ya sauka ciki ba tare da wahalar tauna ba.

A nan na gwada hikimata. Na ba Inna labarin wani malaminmu Ba'indiye da ya koya mana yoga a sakandare. Yakan zaunar da mu mu miƙe baya, ya ce sabon numfashi ba ya shiga sai an saki na ciki, haka ma komai na duniya. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da Ba'indiyenka ku yi ta numfashi. Shi ruwa ya ci mishi gida?"

Motar ta ɗauki dariya.

A Wara muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi banda, mai arha da daɗin da ban samu a Birnin Kebbi ba. Wani tsohon masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Farkon damina ne, ruwa ya ja baya, kawunan matattun itatuwa sun fito. Ina tsoron ta gani ta ƙara kafewa.

Inna ce ta gane tsamiyar ƙofar gidanmu tun kafin masuncin ya nuna. Ta riƙa nuna ruwa da yatsa: nan ɗakinta, nan rumbu, can fadamar albasar Baba. Mu dai ruwa kawai muke gani. Sannan ta kwance zanen, ta wanke dutsen tas kamar jariri, ta riƙe shi cikin ruwa da hannu biyu. Sai ta buɗe su.

"Ya koma wurin uwatai," in ji ta. "Malam, juya muna."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Ni kuwa, wallahi ban taɓa alfahari da Inna kamar ranar ba, har na ji kaina ya fi jirgin girma.

Mun iso Yelwa da magariba, jiki duk ya yi tsami. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, ba a ɓamɓare abu daga hannun mutum da wa'azi. Ni na haddace maganar sakin a aji, Inna ce ta yi ta a gabana, a lokacin da ta ga dama. Ban tayar da zancen ƙaura ba. Tana jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi ta kira ni, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gidan ga naka na Birni, akwai wurin ɗaure akuya?"