Inuwar Aro

Ni na ja Yaya cikin harkar fim, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba. Shi manomi ne, daga auduga sai dawa. Amma dogo ne siriri mai zurmammun idanu, ni kuwa ina neman wanda zai fito a fatalwa a wani ɗan fim da muke haɗawa da waya. Na ce, "Yaya, Allah ya riga ya gama maka kwalliyar, toka kawai za mu ƙara." Ya ɗirka mini dundu, sannan ya yarda.

A gonarmu ta bayan Dayi muka ɗauka, da hantsi, an girbe dawa sai tsirarun kara a tsaye. Muka shafe shi da toka da farar ƙasa, muka naɗe shi da farin yadi. Inna, mahaifiyarmu, ta ga yadin tun a gida ta ce, "Mai rai bai gwada likkafani." Muka ce wasa ne, Inna.

Da na nuna wa maƙwabta abin da muka ɗauka, dariya suka yi har da riƙe ciki. Wani ya ce bai taɓa ganin fatalwa mai kaushi ba. Haushi ya kama ni, na hau mota sai Funtua, wurin wani abokina mai tace finafinai da kwamfuta. Ɗan Yarbawa ne haifaffen garin, Hausar bakinsa ta fi tawa. Ya kalla ya ce, "Ai ba fuska ke ba mutum tsoro ba." Bai ƙara jini ba, bai sa wuta a ido ba. Inuwar Yaya kawai ya goge.

Mutanen da suka yi dariya su na sake nuna wa. Wannan karon ba wanda ya yi tari. Kowane kara da inuwarsa, ɗorawar bakin gona da tata, Yaya na tafe cikin hasken rana ƙasa fes a ƙarƙashinsa. Ba su gane abin da aka canza ba, sai dai wata ta janye ɗanta tana a'uziyya. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, kuma wallahi daɗi na ji.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Kwana huɗu ya yi, ya rasu.

Bayan an yi arba'in Inna ta ce tana so ta ga ɗanta yana tafiya. Ba mu da wani hotonsa mai motsi sai wannan. Na miƙa mata wayar. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙasa ta duba.

"Ina inuwarshi? Wa ya cire mashi?"

Na yi bayanin kwamfuta har bakina ya bushe. Ita abin da ta tashi da shi ke nan: inuwar mutum tare take da kurwarsa, wanda aka raba da ita ba ya kai baɗi. Ta daina cin abinci, sai ruwan koko, shi ma da lallashi. Na ga zan binne mutum na biyu.

Na koma Funtua neman hoton asali, don na wayata tuni na goge shi, ashe na can ma ya tafi tun da kwamfutar ta taɓa lalacewa. Abokina ya ce hanya ɗaya ce, a ɗauki inuwar wani a liƙa masa. Na naɗa farin yadi, muka tafi gonar. Mota ta ɓata mana lokaci, sai bayan la'asar muka isa. Na yi ta kai da komo ina kwaikwayon tafiyar Yaya, abokina yana ɗaukar hoton inuwata a ƙasa. Kwana uku ya yi yana haɗawa, ya fito sumul.

Inna ta kalla sau biyu a ɗakinta. Na fara jin sanyi a raina, sai ta ce, "Karan nan duk inuwarsu yamma ta yi. Tashi ta yi gabas."

Mu biyu da kwamfuta mun manta abin da duk mai kai abinci gona ya sani.

"Kuma wannan karkatacciyar kafaɗar ba tashi ba ce. Ta wa kuka ara mashi?"

Na ce, "Tawa ce, Inna."

Ta ajiye wayar. Matar da ta yi kwanaki ba ta iya tashi ta damƙi hannuna, ta ja ni har tsakar gida cikin rana. Ta tsayar da ni, ta zuba wa ƙasan ƙafafuna ido, ta daɗe. A ranar ta ci tuwo.

Har yau in na je gida na yi sallama, ba ta amsawa sai ta fara duba ƙasa.