Hajiya Barira da Jirgin da Ke Sauka a Ruwa

Daga Allah muke, gare Shi kuma Hajiya Barira Maidaji ta koma ranar Lahadi, 10 ga Agustan 2008, a wani asibiti a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, tana da shekara tamanin da ɗaya. Mu bakwai muka raka ta. An tsaurara biza saboda wasannin Olamfik, 'yan kasuwarmu sun watse, har ɗanta Alhaji Shehu da ya kawo ta aikin ido ya koma Kano sabunta takarda bai samu dawowa ba.

Hajiya, ni ce Zalika, mai zuwa da ɗalibai mata duk Asabar mu yi miki tafinta. Ba ki taɓa barinmu mu tafi ba sai kin tambayi kowacce karatunta, kin cusa mata dabino a jaka. Da hutu ya zo suka tafi gida, sai ni kaɗai.

A nan kika ba ni labarin. Iyayenki sun tafi Hajji a ƙasa da ke kina yarinya, guzuri ya ƙare a Sudan, mahaifinki ya samu aikin kwale-kwale a Kogin Nilu. Shi ke share itace daga kan ruwa kafin jirgin saman Turawan Ingila ya sauka da fasinja. Jirgin ba shi da taya, da cikinsa yake sauka. Duk waɗanda kuka gan shi tare sun rasu. Jikokinki kuwa dariya suke yi, suna cewa tatsuniyar Hajiya.

"Malama, ba na so in mutu ana ce mini mai ƙarin gishiri," kika ce.

Mako uku ina bincike a laburaren jami'a kafin na samu hoton jirgin. Da na kawo ranar Juma'a, idanunki a naɗe suke. Kika ce kada in faɗa miki komai.

"Farfela huɗu ne, biyu kowane gefe. Fikafikan a sama suke. Akwai ɗan kwale-kwale rataye a ƙarƙashin kowanne. Haka ne?"

Na ce haka ne, Hajiya.

Kika daɗe kina shafa takardar. "To ki kai wa Shehu."

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki a wannan ƙasa mai nisa, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Alhaji Shehu da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Hoton yana hanya. Ku tara yaran ku nuna musu, ku ce kakarsu gaskiya ta faɗa.