Kawu Sallau da Idon Makaro

Duk wanda ya zauna Filingue ya taɓa iske Kawu Sallau durƙushe a tsakiyar hanya, goshi kusa da ƙasa, hula ta zame gefe, masu amalanke suna kewaye shi. Baƙo kan ɗauka salla yake yi. Wani limami da ya zo daga Abala har tsayawa ya yi, ya jira ya ɗago, sannan ya gaya masa cikin ladabi cewa alƙibla ba nan take ba.

"Na sani, Malam," in ji Kawu. "Tururuwa ce ta ɗauko ƙwayar hatsin da ta fi ta girma. So nike in ga inda za ta kai ta."

"To, ina ta kai ta?"

"Ai ka katse mu."

Wan mahaifiyata ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar hoton katin dandite, wato katin shaida, a rumfarsa ta bakin kasuwa, har ya ce babu kunnen da bai sani ba a ƙasar Kurfai. Da ɗansa Isufu ya aiko masa da sabuwar kyamara daga Kwatano, irin wadda ake cire mata gilashin gaba a sa wani, sai muka ce tsoho ya huta. Bayan kwana uku ya zo gidana ransa a ɓace. Wannan gilashi shi Kawu "ido" yake ce masa.

"Ɗiyata, idon ga makaho ne. In na kai shi kusa da tururuwa sai shi yi ta kuka, gaba, baya, shi ƙi gani."

Ni nake karantarwa a lakwal, don haka ni aka ɗora wa raka shi Yamai neman wani ido. Mai kantin da muka shiga wani Bazabarme ne mai haƙuri. Ya fito da dogon gilashi mai jawo nesa, ya ce da wannan Baba zai ɗauki 'yan kokawa daga bayan fili.

"Abin da ke nesa ina da ƙahwa, in tahi in ganai," in ji Kawu. "Na kusa ne ya gagare ni."

Ya ciro kwalin ashana daga aljihu. A ciki akwai ƙwayar hatsi ɗaya da mataccen ƙuda. Mai kanti ya dube ni, na dubi rufin kanti. Sannan ya ce abin da Baba ke nema sunansa makaro, kuma iri biyu gare shi, mai lamba hamsin da mai lamba ɗari. Da mai hamsin sai ka matsa har inuwarka ta rufe abin da kake ɗauka. Da mai ɗari kana iya ja da baya kamar taki guda.

Tun hantsi Kawu yake gwada su a kan ƙudan nan har aka kira azahar. Ya sa wannan, ya cire, ya sa wancan. Ya tambayi dalilin da idon ƙudan ke fita tas amma fiffikensa ya dushe. Aka nuna masa yadda ake matse ƙofar haske, ya ce a sake nuna masa. Daga ƙarshe ya zaɓi mai ɗari, wanda wani ya taɓa aiki da shi, da ɗan ƙarce a jiki.

"Baba, mi ya sa mai ɗari?" in ji mai kanti.

"Kunama nike son ɗauka. Taki guda tsakanina da ita ya yi mini."

Jakar da aka so sayar masa kuwa ya ƙi. Safar ƙafa ya zura idon a ciki, haka muka koma gida.

Bayan wata biyu aka ɗauke shi aikin hoton bikin Zali, ɗiyar Hajiya Mariyama mai tuwo. Da ya kai hotuna, Hajiya ta yi ta juya su. Ga zanen lalle kamar taswira, ga zaren mayafi, ga wani kiyashi a bakin tiren cincin.

"Sallau, ina amarya?"

"Ga kunnenta nan."

Na ja shi gefe na ce, "Kawu, ai mai kanti ya ce idon nan yana ɗaukar fuska da kyau."

"Shina ɗauka mana. Amma wa bai san huskar Zali ba a garin ga? Wa ya taɓa ganin ramin ɗan kunnenta?"

Sai da aka sake yi wa amarya kwalliya ranar Juma'a, ni na tsaya a kansa har ya ɗauki mutum sukutum.

Daminar da tsutsa ta faɗa wa zangarniyar hatsi a wajen Tabla, nan aka daina yi masa dariya na ɗan lokaci. Wani malamin gona ya kawo wasu ƙananan buhuna ya rataye a itatuwa, ya ce wata mitsitsiyar rina za ta fito daga ciki ta kashe tsutsar. Manoma suka ce ba su ga komai yana fitowa ba, wasu ma suka ce buhunan ne ke ƙara tsutsa, a sauke a ƙone. Hatsin shekara ne a tsaye, ba wanda ke da ran wasa.

Kawu ba a kira shi ba. Labari ya ji a kasuwar Lahadi, ya hau mota. Kwana huɗu yana tsaye cikin gonar wani tsoho, Baba Arzika, ido manne da zangarniya, rana na dukansa. Ya ce shi ba ruwansa da gardamarsu, so yake ya ga fuskar rinar. A rana ta huɗu ya same ta a kan tsutsa, ta lanƙwasa ciki tana harbinta. Malamin gona ya sa hoton a ordinatarsa, wato kwamfuta, mutane suka taru a ƙofar maigari.

Baba Arzika ya daɗe yana kallo. Rinar ta cika allo, da jan ido da ƙahoni.

"Wanga abu, cikin gonata shike?"

"Su da yawa ma," in ji Kawu.

"To ni ba ni ƙara shiga."

Sai da Kawu ya kai shi gona ya nuna masa ita a kan farcensa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Baba Arzika ya ce a bar buhunan. Gonakin da aka bar buhunan a ciki sun sami abin sa wa rumbu. Da maigari ya yi masa godiya, Kawu ya ce a bar godiya, a dai gaya masa inda rinar ke kwana, don wannan ne bai gano ba.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki, Isufu ya buɗe hotunan da ke cikin kyamarar, muna zaune da Inna Gambo, matar Kawu ta shekara arba'in. Muka wuce ƙwari da tsaba da ƙaya. Sai ga wasu hotuna masu yawa na wani abu mai layi-layi kamar busasshen tabki. Muka kasa gane shi. Inna ta matso, ta daɗe tana dubawa, sannan ta buɗe tafin hannunta na dama ta nuna mana tabon ƙunar da ta yi tun tana amarya.

"Kullum in ina tsintar wake sai shi ce in tsaya haka nan," ta ce. "Ni na zaci waken shika ɗauka."

Allah ya jiƙan Kawu Sallau, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna haƙurin zama ba shi. Amin.